Jidda Kafin 1947 da Bayanta: Yadda Ƙunci Ya Gina Birni, Wadata Ta Sake Masa Kama

Yawancin alhazanmu sun san Jidda ta wurare biyu. Na farko shi ne fararen rumfunan nan na filin jirgi, inda ake zaman jiran motocin Makka ko jirgin komawa gida. Na biyu shi ne kasuwar Balad, inda ake sayen tsaraba. Wanda ya taɓa ɗaga kai daga shagunan turare da darduma a Balad ya ga wasu dogayen gidaje masu hawa huɗu, biyar, har shida, fuskarsu lulluɓe da sassaƙaƙƙen katako, wasu sun karkata kamar tsoho ya dogara sanda, an tokare su da ƙarafa. Kimanin shekara 100 ce tsakanin waɗannan gidaje da rumfunan filin jirgin, kuma a cikinta birnin ya sauya kama baki ɗaya.

Abubuwa uku ne suka tsara siffar tsohon gidan Jidda: badalar da ta matse garin, ƙarancin ruwan sha, da zafi mai gumi na gaɓar Bahar Maliya. Biyun farko sun kau a shekara ɗaya, 1947. Na ukun kuma wutar lantarki ta ɓoye shi. Wanda ya fahimci yadda waɗannan matsaloli suka gina garin zai gane dalilin da ya sa ginin da ya biyo bayan kawar da su ya zo da nasa matsalolin.

Gari ba kogi, ba itace

A shekara ta 26 bayan Hijira, wajen 647 Miladiyya, Halifa Usman ɗan Affan ya mayar da tashar jiragen ruwan Makka daga Shu'aiba zuwa Jidda. Wannan hukunci ne ya raya garin, domin wurin kansa ba shi da abin da zai ja mutum ya zauna. Babu kogi, ƙasar gishiri ce, ruwan saman da ke sauka a shekara guda bai cika kai milimita 100 ba. Abin da yake da shi kawai shi ne kusanci da Makka, da wata 'yar kafa a tsakanin duwatsun murjani na cikin teku wadda jirgi zai iya ratsawa in matuƙinsa ya san hanya.

Matafiyin nan Bafarishe, Nasir Khusraw, ya ratsa garin a 1050, ya kuma ba da labarin birni mai ganuwa da kasuwanni, amma babu bishiya babu gona. Ibn Jubair na Andalus, da ya sauka a 1183, ya tarar da mafi yawan gidajen bukkoki ne na kara, sai masaukan baƙi na dutse da laka, waɗanda aka yi wa rumfuna a sama don kwana a lokacin zafi. Kwanan saman soro, wanda daga baya ya zama ginshiƙin tsarin gidan Jidda, ya riga dogayen gidajen da ɗaruruwan shekaru.

Badala

Bayan Vasco da Gama ya kewaye Afirka ya isa Indiya a 1498, jiragen yaƙin Fotugal suka fara barazana ga cinikin Bahar Maliya, har aka ji tsoron za su kai ga Makka. Sarkin Mamalik na Masar, Kansuh al-Ghauri, ya tura kwamandansa Husain al-Kurdi ya kewaye Jidda da badala mai hasumiyoyi, wajen 1509. A 1517 rundunar Fotugal a ƙarƙashin Lopo Soares ta zo har bakin garin, ta koma ba ta ci shi ba. A wannan shekarar ce kuma daular Usmaniyya ta Turkiyya ta ci Masar, Jidda ta shiga ƙarƙashinta.

Badalar ta tsare garin, ta kuma yanke masa iyaka ta shekara sama da 400. Filin da ke ciki bai wuce murabba'in kilomita ɗaya da rabi ba, an raba shi unguwanni huɗu: Sham, Mazlum, Yaman da Bahar. Ana rufe ƙofofi da dare, Bab Makka ta gabas, Bab Sharif ta kudu, Bab Madina ta arewa. Attajirin da iyalinsa suka ƙaru ba shi da kangon da zai saya a gefe, fita bayan gari kuwa kasada ce ga mai dukiya. Hanya ɗaya ta rage masa, ya yi sama. Hausawa sun ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana, a Jidda kuwa ɗakin kwanan a hawa na biyar aka same shi.

Yadda gidan yake aiki

Dutsen ginin daga teku ya fito. Ana kiransa *hajar mankabi*, dutse ne na murjani da ake haƙowa a gaɓa da kewayen tafkin Arba'in, arewa da garin. Yana da sauƙin sassaƙa, ba shi da nauyi, kuma ba ya saurin ɗaukar zafi saboda ƙofofin da ke jikinsa. Aibinsa shi ne rauni: iska mai gishiri tana cin sa, ƙasar da aka ɗora shi a kai kuma tana da laima. Magina suka magance wannan da dabaru biyu. Suna shafe bangon da farar ƙasa don kare shi daga gishiri. Sannan bayan kowane 'yan layuka na dutse, kimanin mita guda, sai su shimfiɗa katako a tsawon bangon, abin da suke kira *takalil*. Katakon yana ɗaure ginin, yana raba nauyi idan wani ɓangare na harsashi ya nutse, kuma yana ba magini damar tokare shi ya zare ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙasa ya maye da sabo ba tare da an rushe abin da ke sama ba. Gida ne da aka yi shi da niyyar a riƙa gyara shi har abada.

Zafin Jidda ba irin na Kano ko Agadas ba ne. Inda iska take a bushe, dare yana yin sanyi, don haka katanga mai kauri da ƙaramar taga sun isa su riƙe sanyin dare zuwa rana. A Jidda iska jiƙe take, dare ba ya huce sosai, gumi ba ya bushewa sai iska tana kaɗawa a jiki. Shi ya sa gidan Jidda bai damu da tsakar gida ba, sabanin gidajen Alƙahira da Dimashƙa. Buƙatarsa ita ce ya yi tsawo ya tari iskar arewa maso yamma da ke busowa daga teku, ya kuma buɗe mata hanya ta ratsa ɗakuna ta fita ta rijiyar matakala.

Nan ne *roshan* ya shigo, wato tagar katako da ke turo kai waje daga bango, jam'inta *rawashin*. Kalmar daga Farisanci take. Roshan yana da faɗin da mutum zai zauna ko ya kwanta a cikinsa, an yi masa raga da marufai masu ɗagawa. Yana shigo da iska ta gaba da ta gefe, yana tace hasken rana, yana yi wa bangon da ke ƙasa inuwa. Mata suna ganin titi daga ciki, na titi ba ya ganin su. A bakinsa ake jera tulunan ruwa don iska ta sanyaya su, kamar yadda randa take yi a gidajenmu. A wasu gidajen rawashin sun haɗe daga hawa na ɗaya har sama, suka zama fuskar gidan gaba ɗaya.

Cikin gidan ma bisa zafi da sutura aka raba shi. A ƙasa akwai *dihliz*, kwatankwacin zaure, da *mak'ad* inda maigida ke karɓar baƙi da yin lissafin ciniki. Benayen tsakiya na iyali ne, sau da yawa kowane ɗa mai aure da nasa hawa. A can sama akwai *kharja*, fili marar rufi da aka kewaye da katanga mai huda-huda, inda ake shanya da hira da kwana a watannin zafi. A ƙarƙashin manyan gidaje kuma akwai *sahrij*, ramin da ake tara ruwan saman da ya gangaro daga rufi. A lokacin aikin Hajji iyalai da yawa sukan tattara su koma sama, su ba alhazai hayar ƙasa.

Zamanin jirgin tururi

Mafi yawan gidajen da ke tsaye a Balad yau ba su girmi ƙarni na 19 ba. Buɗe mashigin Suwez a 1869 da yawaitar jiragen ruwa masu tururi sun ninka alhazai da hajoji, sun kuma sauƙaƙa shigo da katako mai jure laima daga Indiya da Jawa. Garin da ba shi da daji ya zama garin sassaƙa. Iyalan fatake da asalinsu ya fito daga Hadramaut, Masar, Indiya da Farisa, irin su Ba'ishin, Banaja, Matbuli, Nur Wali da Zainal, suka shiga gasar gini, yawan katakon fuskar gida ya zama ma'aunin arziki.

Mafi shahara shi ne gidan Nasif, wanda aka gina wa Umar Nasif, wakilin Sharifin Makka, tsakanin 1872 da 1881. An yi matakalarsa da faɗi da sauƙin hawa, har ana cewa raƙumi yakan kai kaya saman bene. A ƙofarsa akwai bishiyar darbejiya wadda mutanen garin ke cewa ita kaɗai ce bishiya a Jidda na tsawon shekaru, har ta zama adireshin gidan. Da Sarki Abdul'aziz ya shiga Jidda a Disamban 1925, a wannan gida ya sauka.

Duk wannan ƙawa a kan ƙishirwa aka yi ta. Ruwan sha daga ramukan tara ruwan sama da 'yan rijiyoyi masu ɗanɗanon gishiri yake fitowa, 'yan ga-ruwa ke kai shi gida-gida. A 1907 hukumar Turkawa ta kafa injin tace ruwan teku mai aiki da gawayi, wanda mutanen gari suka kira *kindasa*. Ruwansa tsada gare shi, kuma bai taɓa isar garin ba. Adadin mutanen da Jidda za ta iya ɗauka yana ɗaure da adadin garwar da za a iya cikawa.

Na bayan badala

Akwai wata Jidda da ba ta shiga hotunan tarihi sosai. Matafiyi Burckhardt, wanda ya zauna a garin a 1814, ya ambaci bukkoki a wajen ƙofofi inda masu raƙuma da talakawan ƙauye da alhazan Afirka suke zama. Waɗannan alhazai su ne *Takarna*, asalin kalmar da muke cewa Takari: mutanen Afirka ta Yamma, Hausawa da Fulani da Barebari da sauransu, da suka taka ta Chadi da Sudan, suka tsallaka teku daga Sawakin, wasu bayan shekaru suna tafe suna aikatau. Kudu da badala, kusa da Bab Sharif, suna da matsuguni da ake kira Nakatu. Da kara da tabarma suke gini, daga baya da buɗaɗɗun garewanin kananzir da katakon akwatuna. Su da sauran talakawan bayan gari ne ke dako a tasha, suke ɗiban ruwa, suke aikin ƙarfi a cikin birnin da ba su da gida a cikinsa.

Shekarar da komai ya kwance

Alamar sauyi ta fara bayyana a fadar Khuzam, wadda aka gina wa Sarki Abdul'aziz a bayan badala tsakanin 1928 da 1932, da siminti da ƙarfe. A cikinta aka sa hannu kan yarjejeniyar haƙar mai da kamfanin Standard Oil of California a watan Mayun 1933. An samu man a Dammam a 1938, kuɗinsa ya fara shigowa sosai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1947 aka rushe badalar Jidda. A wannan shekarar kuma aka jawo ruwa ta bututu daga Wadi Fatima, aikin da aka sa wa suna Ainul Aziziyya. Ƙiyasin da aka fi kawowa shi ne mutanen garin a lokacin dubu 30 zuwa 40 ne. Ƙidayar 1974 ta same su sun haura rabin miliyan, ta 2022 kuma sun wuce miliyan 3 da rabi. Garin ya miƙe arewa yana bin hanyar Madina da gaɓar teku, ya miƙe gabas yana bin hanyar Makka.

Da fili ya samu, dalilin yin sama ya kau. Da siminti da rodi suka samu, babu mai neman dutsen da ke buƙatar shafe kullum. Da na'urar sanyaya ɗaki ta zo, roshan ya koma matsala, domin abin da aka yi don iska ta shiga ba ya riƙe sanyin na'ura. Dokokin gini na zamani suka wajabta barin tazara tsakanin gida da iyakar fili ta kowane gefe, asusun bashin gina gidaje da gwamnati ta kafa a 1974 ya yaɗa wannan tsari ko'ina. Sakamakon shi ne gida a tsakiyar fili, tagoginsa na kallon na maƙwabci. Iyalin da ke son sutura suka ɗaga katanga, suka sa gilashi mai duhu da labule, suka kunna na'ura dare da rana. Aikin da katako da iska suke yi kyauta ya koma kan takardar kuɗin wuta.

Tsohon garin kuwa masu shi suka bar shi. A shekarun 1960 aka tsaga titin Zahab ta tsakiyarsa, aka cike gaɓar teku da ƙasa har Balad ta rabu da ruwan da ya haife ta. Gidajen attajirai suka koma hayar baƙin haure daga Yaman, Somaliya, Indiya da Afirka ta Yamma, ɗaki-ɗaki. Ana yawan ɗora wa waɗannan 'yan haya laifin lalacewar gidajen, amma gidan murjani da aka kulle babu kowa ya fi saurin faɗuwa. Abin da ya yanke shi ne gyaran shekara-shekara, saboda mai gida ya daina biya, maginan da suka san takalil kuma suka tsufa ba magada. Ruwan famfo da ke yoyo a bangon da ba a yi shi don bututu ba, da gobarar wayoyin lantarki, suka ƙarasa sauran.

Masu waiwaye

Muhammad Sa'id Farsi, masanin tsara birane da ya yi magajin garin Jidda daga 1972 zuwa 1986, shi ne ya shimfiɗa titin gaɓar teku ya cika shi da sassaƙe-sassaƙen Henry Moore da Joan Miró da wasunsu. Shi ne kuma ya sa kamfanin Robert Matthew na Birtaniya, wanda ya zana taswirar birnin ta 1973, ya ƙidaya tsoffin gidaje. Wajen 1980 aka sa sama da 500 a jerin waɗanda doka ta hana rushewa. An rasa da dama daga cikinsu bayan haka, amma ba don jerin ba da Balad ta tafi gaba ɗaya.

Gine-gine uku na wannan zamani sun nuna cewa ana iya tambayar da tsoffin magina suka yi da sabbin kayan aiki. Rumfunan alhazai na filin jirgin Sarki Abdul'aziz, da aka buɗe a 1981, aikin injiniya Fazlur Rahman Khan ne, haifaffen Dhaka. Tantuna 210 ne na zaren gilashi, gefensu a buɗe, kowanne da kafa a ƙololuwa: rufin yana mayar da zafin rana, iska mai zafi tana fita ta sama, dubban mutane suna samun inuwa ba tare da an sanyaya filin da na'ura ba. Hedikwatar bankin National Commercial, mai hawa 27, da Gordon Bunshaft ya zana aka gama a 1983, ta juya wa rana baya: bangonta na waje dutse ne ba taga, gilasan suna kallon wasu manyan kafofi uku masu inuwa da aka huda a jikin ginin. Abdulwahid al-Wakil na Masar, almajirin Hassan Fathy, ya gina ƙananan masallatai a bakin teku da tubali da baka, ɗaya daga cikinsu ya ci kyautar Aga Khan a 1989. Ukun nan tsiraru ne a cikin tekun kankare da gilashi.

Ruwa da katafila

Ranar 25 ga Nuwamban 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, ruwan da ya kai na shekara guda ya sauka a Jidda cikin 'yan sa'o'i. Tsohon garin ya san ruwan sama a matsayin abin tarawa a sahrij. Sabon garin ya bazu har cikin kwarurukan da ke gangarowa daga duwatsun gabas, ba tare da isassun magudanai ba. Sama da mutum 100 suka rasu, akasari a unguwannin talakawa irin su Kuwaiza. Ambaliyar ta sake dawowa a Janairun 2011, sannan aka gina madatsu da manyan magudanai.

A 2014 UNESCO ta sa tsohuwar Jidda a jerin kayan tarihin duniya, a matsayin ƙofar Makka. A 2019 aka ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke dab da faɗuwa, yanzu wasu sun zama gidajen tarihi da masaukan baƙi. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 kuma hukuma ta rushe unguwanni sama da 60 da ta ce an gina su ba bisa tsari ba kuma sun zama maɓoyar laifi, ciki har da Ghulail, Sabil, Kandara, Hindawiyya da Karantina. Ƙungiyar Amnesty ta ce abin ya shafi mutum sama da rabin miliyan, kuma diyya ga 'yan ƙasa kawai aka tanada. Da yawa daga waɗannan unguwanni sun tsiro ne a inda bukkokin bayan badala suke a da, kuma cikin mazaunansu akwai jikokin Takari da aka haifa a nan, ba su san wani gari ba.

A arewacin birnin an koma aikin hasumiyar Jidda a 2025, bayan tsayawar da ta yi tun 2018, da niyyar ta haura mita 1,000. Kamar gidan Nasif, ita ma sama ta nufa, sai dai wannan karon ba badala ce ta matse ta ba, kuma ba za a iya zama a cikinta na yini ɗaya ba in wuta ta ɗauke. A Balad kuwa masu gyara suna neman tsofaffin da suka san yadda ake zare dutse a ƙarƙashin takalil, suna koya wa matasa, domin siminti da aka taɓa liƙa wa wasu gidajen da sunan gyara ya kulle laima a cikin bango, ya ƙara ruɓar da murjanin. Darbejiyar ƙofar gidan Nasif tana nan da ranta.